Darasi na Tara: Sharar Bakin Titi, Mafarinta da Yadda Ake Kawar da Ita

A share titi ranar Asabar ya yi fes, kafin Laraba shara ta dawo kamar ba a taɓa sa masa tsintsiya ba. Daga nan sai gwiwar masu aikin gayya ta yi sanyi, su ce mutane ba sa jin magana. Akwai rashin jin magana, amma ba shi kaɗai ba ne. Shara tana dawowa ne saboda ba a toshe inda take fitowa ba, kuma ba a tanadi inda za ta tafi ba. Duk aikin da aka yi ba tare da waɗannan biyun ba, aikin baban giwa ne.

Abin da ya canza

A da, sharar gari dukiya ce. Toka ce, da kashin awaki, da ɓawo, da ganye. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sukan shigo da itace a kan jakuna, su koma da mangala cike da takin bola, su zuba a gona. Abinci kuma a ganye ake ƙunshe shi, ko a takarda, ko a zuba a kwano. Abin da aka yar, ƙasa ce ke cinye shi.

Yanzu leda ta maye gurbin ganye. Al'adar yarwa tana nan yadda take, amma abin da ake yarwar ya daina ruɓewa. Ɓawon lemo ko tuƙar rake za su narke cikin 'yan makonni ko watanni. Ledar fiya wata da robar lemo kuwa sai su shekara da shekaru suna nan, rana ta farfasa su, su zama ƙanana, su gauraye da ƙasa. Shi ya sa takin bola na yau yake cike da leda, manomi ya zuba shi, gonarsa ta yi fari fat.

Mu yi lissafi. Jaka ɗaya ta fiya wata tana ɗauke da leda 20. Idan mai shago a bakin tasha ya sayar da jaka 10 a wuni, leda 200 ke nan. A wata guda 6,000. Wannan shago ɗaya ne. Idan babu kwando a kusa, ina ledojin nan za su je?

Daga ina take fitowa?

Kafin a ɗauki tsintsiya, a zagaya titin a duba irin sharar da ke kansa, domin ita kanta za ta faɗi wanda ya kawo ta.

Idan ledar ruwa ce, da totuwar masara, da ƙwallon mangwaro, da takardar tsire, kuma a warwatse suke, to daga tagogin motoci da hannun masu tafiya a ƙasa suka fito. Irin wannan ta fi yawa inda motoci ke rage gudu: shataletale, mahaɗar hanya, shingen bincike, tudun rage gudu, da wuraren da matafiya ke yada zango, irin su Tafa a hanyar Abuja zuwa Kaduna. Nan 'yan talla suke, nan ake saye, gaba kaɗan kuma nan ake yarwa.

Idan tsibi ce a wuri guda, da toka, da ragowar tuwo, da tsummokara, da ƙunzugun jarirai na zamani, to sharar gida ce. Wannan ita ce mafi nauyi, kuma ita ya kamata a fi zurfafa bincike a kanta. Sau da yawa matar gida ba ta ce a zuba a titi ba. Ta ba yaro bokiti ne ta ce ya kai bola, bolar kuma tana da nisa, bokitin ya fi ƙarfinsa, sai ya juye a kwanar farko da ba idon mutane. Wani lokacin mai baro aka biya, shi kuma ya ga in ya kai har juji zai yi sawu uku ne kawai a wuni, in ya juye a kwalbati zai yi goma. Wani lokacin kuma wurin da unguwa ke zuba shara ne aka yanka fili aka gine, ba a ba da wani ba. Akwai kuma masu jiran hadari: da an fara ruwa sai su juye kwando a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwan ba ya kai ta ko'ina sai kwalbatin farko, can take tsayawa.

Sauran masu kawo ta sanannu ne. Masu gini suna barin yashi da ɓaraguzai a gefen kwalta. Mai faci yana tara tsofaffin tayoyi. Bakanike yana zubar da baƙin mai. 'Yan gwari suna watsar da ruɓaɓɓen tumatir da yamma. Motar kwasar shara ma, in ba a rufe bayanta da tamfol ba, tafe take tana mayar wa titi abin da ta ɗauka.

A lura da wani abu: shara tana kiran shara. Mutum yakan ji nauyin yar da leda a wuri mai tsafta, amma ba ya jin komai in ya tarar da tsibi. Bokitin farko shi ne mafarin kowace bola.

Ɓarnar da take yi

Leda ta toshe kwata, ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a kan kwalta ya ci ta, ko ya koma cikin gidaje ya jiƙa tushen katangar ƙasa. A watan Agusta, lokacin marka, nan ne ake ganin sakamakon. Wanda ya san yadda magudanar ruwa ta Jakara ke cika da leda da robobi a cikin Kano ba ya buƙatar dogon bayani.

Ruwan da ya kwanta, ko a kududdufi ko a cikin taya ko gwangwani, sauro na yin ƙwai a ciki, kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwan ya zama sauro mai tashi. Ƙuda ma kusan haka yake a cikin ruɓaɓɓen abinci. Daga bola yake tashi ya sauka a kan abincin talla. In ruwan kwata ya malala cikin rijiya, amai da gudawa ba su da nisa.

Masu kiwo su ma suna asara. Akuya ko tunkiya ta lashi leda mai gishiri ko mai, ta haɗiye, ledar ta dunƙule a tumbinta. Sai a ga dabba tana rama, cikinta a kumbure, ba ta cin abinci. A tambayi mahauta abin da suke tararwa in sun farka tumbi.

Shiri kafin ranar aiki

Abu na farko ba tsintsiya ba ce, mota ce. A fara sanin wanda zai kwashe abin da aka tara, da ranar da zai zo, da jujin da zai kai. A Kano hukumar REMASAB ce ke da alhakin kwasar shara. A wasu wuraren sashen lafiya na ƙaramar hukuma ake tuntuɓa, inda duba-gari suke. Mai unguwa da wakilai biyu su je da takarda, a rubuta sunan titi da ranar aiki. In motar hukuma ba za ta samu ba, a yi karo-karo a ɗauki hayar tifa, ko a nemi mai tifa na unguwa ya taimaka a zuba masa mai. In babu ko ɗaya, a ɗaga ranar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Lokacin da ya fi dacewa da yashe kwata shi ne bazara, Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka, sa'ad da laka take a bushe kuma ba ta da nauyi. Asabar ɗin ƙarshen wata ma dama ce. Al'adar tsaftar muhalli ta wata-wata ta samo asali tun mulkin soja na Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980, kuma a Kano akan taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Awa ukun nan titi babu motoci, aiki ya fi sauƙi, hatsari ya ragu.

Kada a ɗauki titi mai tsawo. Mutum 12 su ɗauki kamar mita 200, wato taku 250 zuwa 300 na babban mutum. Za su buƙaci baro 2, shebur 4, manjagara 3, tsintsiyar kwakwa 4, tsofaffin buhuna 20, da doguwar sanda mai ƙugiyar ƙarfe. Kowa ya sa safar hannu mai kauri, da rufaffen takalmi, da takunkumi. Silifas ba takalmin wannan aiki ba ne. A ajiye ruwa da sabulu a gefe.

Yadda ake aikin

A fara da tsince manya: duwatsu, tayoyi, kwalabe. Sannan masu manjagara su tattara, masu tsintsiya su biyo baya. In lokacin hunturu ne, a yayyafa ruwa kaɗan don ƙura, kuma a yi shara iska tana bayan mutum.

Tun a wurin ake rarrabewa, domin in an cakuɗa ba mai komawa kanta. Ƙarfe, gwangwani, dalma da robobi masu tauri su shiga buhunsu, 'yan jari-bola za su saya a kan kilo. Robobin ruwa da na lemo su ma ana sayensu. Ledar fiya wata a tara ta daban, busasshiya, a tambaya ko akwai mai saye a kusa. Ɓawo, ganye, kashin dabbobi da toka kuwa taki ne. Abin da ya rage shi ne na mota, kuma za a ga ya ragu sosai.

Kwata ita ce inda aka fi yin kuskure. Ana fara yashe ta ne daga ƙasa, wato daga inda ruwa ke fita, a riƙa hawowa sama. In aka fara daga sama, ruwan da aka saki zai tarar da toshiya a gaba, ya dawo ya cika inda aka gyara. A yashe har sai shebur ya taɓa siminti. Bakin kwalbati a sa sanda mai ƙugiya a jawo abin da ya maƙale. Kada kowa ya shiga ciki, ko ya tura yaro: akwai macizai, akwai fasassun kwalabe, kuma iskar da ke cikin rufaffiyar kwata tana iya sumar da mutum.

Lakar da aka fitar in jiƙaƙƙiya ce, a bar ta ta tsane kwana ɗaya, iyaka biyu, a nesa da bakin kwata kamar taku biyu, sannan a kwashe. Wannan shi ne wurin da mafi yawan aikin gayya ke lalacewa. Jama'a sun sha wahala sun fitar da laka, an jera ta tsibi-tsibi a bakin titi, mota ba ta zo ba. Awaki su tona, tayoyi su baje, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Wanda ya ga haka sau biyu ba zai fito na uku ba, kuma ba za a ga laifinsa ba.

A babban titi, masu aiki su fuskanci motocin da ke tahowa. A sa alama, ko ganye ko durom, taku 50 kafin wurin aikin, mutum ɗaya ya tsaya da jan ƙyalle. Yara ba su da aiki a nan.

Allura, sirinji da reza ba a ɗaukarsu da hannu. A kwashe da shebur, a zuba a roba mai tauri mai murfi, a kai asibiti mafi kusa. Mushe a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne. Wanda ƙusa ko gwangwani ya yanka ya wanke da ruwa da sabulu nan take, ya je asibiti a ranar don allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora.

Kada a cinna wa tsibi wuta. Hayaƙin leda da taya guba ne, ya fi cutar da jarirai, tsofaffi da masu asma. Gwangwanin maganin sauro da batir suna fashewa a cikin wuta. Hayaƙin yana rufe wa direba ido, zafin kuma yana lalata kwalta da wayoyin lantarki.

Takin da aka ware, a haƙa masa rami mai faɗin mita ɗaya da zurfin kamar rabin mita. A zuba ɓawo da ganye kaurin taƙi ɗaya, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika. A juya shi duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari. In yana ɗoyi, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. In bai ɗau zafi ba, ya bushe ne.

Hana ta dawowa

Gurbin tsohuwar bola kada a bar shi fayau. A ranar da aka kwashe a dasa bishiya a kewaye ta, ko a sa benci, ko a ba mai shayi wurin da sharaɗin zai kula da shi. Allon "An hana zuba shara a nan" shi kaɗai ba ya hana komai in ba a nuna wa mutane inda za su zuba ba.

Durom mai lita 200 in an raba shi biyu ya ba da mazubi biyu. A huda ƙasansa don ruwa ya tsiyaye, a ɗaure shi da sarƙa ko a yi masa walda a jikin turke, in ba haka ba zai ɓace. A ajiye shi inda ake saye da ci, ba inda ya fi kyan gani ba. Kowane mazubi ya zama yana da mutum guda da aka san shi ne mai juye shi, domin mazubin da ya cika ya tumbatsa sabuwar bola ce.

Mai baro a daina biyansa a ƙofar gida. A yi yarjejeniyar mako ko wata, a biya bayan an tabbatar yana kaiwa juji. Sarkin tasha da shugabannin direbobi su sa kowace mota ta ajiye buhu ko leda babba a ciki, yaron mota ya juye in an iso. Mai shago ya kula da gaban shagonsa har zuwa kwata. Mai gini ya kwashe ragowar yashinsa cikin mako guda. Uwargida ta tafi cefane da jaka ko kwando, ta aiki yaro sayen koko da kofin zubawa a hannunsa. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana leda maras kauri a 2014, Legas ta hana farar robar zuba abinci a 2024, amma doka ba ta isa lungu sai masu lungun sun karɓe ta. A nan liman yana da rawar takawa, tunda ya tabbata a hadisi cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce.

Aikin wannan mako

Ku fita ku uku-uku, ku auna taku 100 a titin da ya fi kusa da ajinku. Ku rubuta irin sharar da kuka gani, da wadda ta fi yawa, da inda kuke zaton ta fito. Ku ƙirga taku nawa ne daga wurin zuwa jujin da hukuma ta amince da shi. Ku tambayi mai unguwa ranar da motar shara ta zo na ƙarshe. Ku zo da amsoshin a darasi mai zuwa, da su za mu rubuta takardar neman mota.