Maganar gawa a ƙananan garuruwan Amurka, gara ku ji tun yanzu

Salamu alaikum 'yan uwa sababbin zuwa. Na san kowa ta haya da aiki da lasin tuƙi yake yi, ba mai son a ɗauko masa zancen mutuwa, to amma ku ɗan yi haƙuri da ni.

A gida mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Nan kuwa sai likita ya sa hannu a takardar mutuwa, a ba da izinin binnewa, in mutuwar fuju'a ce ma sai likitan gwamnati ya gama bincikensa, kuma yawanci kamfanin jana'iza ne, wanda suke kira funeral home, zai je ya ɗauko gawar daga mutuware.

Lokacin da wani ɗalibi ɗan uwanmu ya rasu a garin da nake, Allah ya ji ƙansa, masallaci mafi kusa tafiyar awa biyu ne, muka shiga kamfanin da ke garin, matar da ke aiki a wurin ta tarbe mu da mutunci sosai har da kawo ruwa, tambayarta ta farko wai binnewa za a yi ko ƙonawa? A bayanta ga kanta an jera wasu 'yan tukwane masu ƙyalli kamar na ajiye furanni, ashe na zuba toka ne. Jikina ya yi sanyi wallahi. Ita ba da mugun nufi ta tambaya ba, wajen kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a ƙasar nan yanzu ƙona su ake, ya fi musu araha, don jana'izar binnewa irin tasu takan kai dala 8,000 ban da kuɗin kabari. Abin tsoron ma, a wurare da yawa gawar da ba wanda ya zo nema hukuma ƙonawa take yi.

Akwai dokar tarayya tun 1984 da ta tilasta wa kamfanonin jana'iza su ba ka farashin komai a rubuce in ka je ka nema, don haka kar kunya ta hana ka. Allurar hana gawa lalacewa yawanci ba dole ba ce, ka ce a sa a firji kawai, sai dai in za a kai gawar gida a jirgi. Ka tambaya ko za su ba ku ɗaki ku yi wanka da sutura da kanku, da yawa suna yarda. Maƙabartu kuma sukan dage sai an sa akwatin kankare a cikin kabari, to ku nemi marar gindi.

Satin nan ka kira masallaci mafi kusa ka ji da wane kamfani suke aiki da inda suke binnewa, in suna da asusun jana'iza ka shiga. Sannan ka rubuta a takarda cewa binne ka za a yi bisa tsarin Musulunci, da sunan wanda ka wakilta, ka sa hannu gaban shaidu, ka ba shi kwafi. Nawa kwafin yana cikin mota tare da takardar inshora.