Yadda ake ba mataimakin AI ido a burauza da Chrome DevTools MCP

Duk wanda ya taɓa sa AI ya gyara masa shafin intanet ya san wannan takaicin. Ka ce masa maɓallin aika fom ba ya aiki, ya canza kod, ya ce an gama, ka buɗe burauza ka tarar abin yana nan yadda ka bar shi. Lalube yake yi cikin duhu, domin kod kawai yake gani, ba ya ganin abin da ke faruwa a shafin. Maganin wannan shi ne Chrome DevTools MCP, kayan aikin da ke ba AI damar sarrafa burauzar Chrome da ganin abin da ke faruwa a cikinta, wanda Google ya fitar a watan Satumba 2025, bisa tsarin MCP da kamfanin Anthropic ya ɓullo da shi a Nuwamba 2024 don haɗa AI da kayan aiki na waje.

Da farko ka tabbatar kwamfutarka tana da Chrome da kuma sabon Node.js, manhajar da ke tafiyar da kod ɗin JavaScript a kwamfuta. Daga nan sai haɗawa. In Claude Code, mataimakin AI na rubuta kod, kake amfani da shi, layi ɗaya ne a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni:

claude mcp add chrome-devtools -- npx chrome-devtools-mcp@latest

A wasu mataimakan irin su Cursor ko Gemini CLI kuwa, fayil ɗin saitin MCP za ka buɗe, ka sa npx a gurbin umarni (command), sannan chrome-devtools-mcp@latest a gurbin abin da ke biye da shi (args).

Kafin ka ci gaba, ka ƙara --isolated a ƙarshen umarnin. Duk abin da ke buɗe a wannan burauzar AI zai iya karanta shi, don haka kada ka shiga asusun bankinka ko imel ɗinka a cikinta. Saitin --isolated yana buɗe Chrome mai tsabta, ya goge komai idan an rufe.

Yanzu ka kunna manhajarka a kwamfutarka, ka ba AI adireshinta, misali localhost:3000. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, sai su ce "gyara min" kurum. Ka ce masa ya buɗe shafin, ya cike fom ɗin, ya danna maɓallin, ya karanta saƙonnin konsol (inda burauza ke rubuta kurakurai) da buƙatun da suka fita zuwa saba (kwamfutar da ke karɓar bayanan shafin), sannan ya faɗa maka abin da ya gani kafin ya taɓa ko layi ɗaya. Za ka ga tagar Chrome ta buɗe da kanta, guraben fom suna cika ba hannun kowa, shi kuma yana kiran list_console_messages da list_network_requests.

Na taɓa shafe yamma guda kan fom ɗin rajista da ya ƙi tafiya. Sau uku AI yana sake rubuta kod ɗin maɓallin, alhali maɓallin lafiyarsa ƙalau. Da ya duba buƙatun, sai ga 404, lambar da ke nufin ba a samu adireshin ba, ɓaro-ɓaro: harafi ɗaya ne ya faɗi a adireshin da fom ɗin ke aika bayanai.

Bayan ya yi gyaran, kada ka karɓi "an gama" da baki. Ka sa shi ya sabunta shafin, ya maimaita matakan, ya ɗauko hoto da take_screenshot, kai ma ka gani da idonka.

Akwai mataki na ƙarshe da ba na tsallakewa. Masu buɗe shafukanmu galibi da waya suke shiga, netwok kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Ka umarce shi ya rage gudun intanet zuwa na 3G mai jan ƙafa, ya kuma rage ƙarfin na'urar, sannan ya auna lodin shafin da performance_start_trace. Sakamakon zai nuna masa hoton da ya yi nauyi ko kod ɗin da ke hana shafin bayyana da wuri, sai ka ce ya fara da wanda ya fi cin lokaci.