Yadda ake neman kuɗin bincike na Horizon Europe

Tun da na yi maganar tallafin nan mutane ke ta tambayata wai ta ina ake farawa, to ga shi a jere. Shirin Tarayyar Turai ne na 2021 zuwa 2027, kuma jami'o'i da kamfanonin Najeriya da Nijar da Ghana na cikin waɗanda za a iya ba kuɗin.

1. Ka buɗe akawun na EU Login (na shiga shafukan Tarayyar Turai) da imel ɗin wurin aikinka.
2. Ka shiga shafin Funding & Tenders Portal, inda ake neman kuɗin.
3. Ka bincika ko makarantarku ko kamfaninku na da lambar PIC, wato lambar shaidar rajistar hukuma a shafin, lamba 9 ce. Hattara, kar ka yi gaggawar yin sabuwar rajista, sau da yawa wani a jami'ar ya riga ya yi, in ta zama biyu kuma ciwon kai ne.
4. In babu, sai ka yi rajistar.
5. Ka nemo kiran (sanarwar aikin da za a ba kuɗi a kai) da ya dace da aikinka, na masana'antu da kwamfuta suna ƙarƙashin rukunin da ake kira Cluster 4.
6. Ka samo abokan aiki. Nan ne ake faɗuwa wallahi, yawanci dole a samu aƙalla hukumomi 3 daga ƙasashe 3 na Tarayyar Turai ko masu yarjejeniya da shirin, ɗaya tilas daga cikin Tarayyar, kai ƙari ne a kansu.
7. Ka tura wa jagoran tawagar PIC ɗinku da kasafin ɓangarenku.
8. Ku tura takardar neman kuɗin tun kafin ranar rufewa. Ƙarfe 5 na yamma agogon Brussels ake kulle shafin, ba ruwansu da netwok ɗinka ko an ɗauke wuta.