Kurakuran da masu hifnoterafi ke tafkawa wajen neman likitocin ƙwaƙwalwa su riƙa turo musu mutane

Akwai ƙorafin da ba ka rasa ji a bakin masu aikin hifnoterafi, wato jinya da hifnosis inda ake sa mutum ya natsu ya tattara hankalinsa wuri ɗaya ana gaya masa kalaman da za su sauya yadda yake ji ko ɗabi'arsa, wai likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam sun raina su, ka tura musu imel shiru, ka kai musu kati su jefa a durowa, shekara ta zagayo ko mutum ɗaya ba a turo maka ba. Rainin kam akwai shi, ba na musu. Amma fa in ka tsaya ka kalli yadda ake tunkarar likitocin nan za ka ga yawanci masu hifnosis ɗin ne ke ɓata rawarsu da tsalle tun kafin a gama gaisawa.

Abin da ya kamata ka fara sawa a ranka shi ne, likita in ya rubuta sunanka ya miƙa wa majiyyacinsa to ya rataya mutuncinsa da lasisinsa a wuyanka ne, in abu ya ɓaci shi hukumarsu za ta kira ta titsiye, kai wataƙila ma babu hukumar da ta san da zamanka. Saboda haka kafin ma ya damu da ko hifnosis na aiki, abin da yake so ya sani shi ne wannan bawan Allah ya san inda zai ja birki kuwa?

Cika baki shi ne kan gaba. Ka buɗe shafin mutum a intanet ka ga ya jero cututtuka sun fi ashirin, ciwon damuwa, fargaba, shaye-shaye, ƙiba, rashin haihuwa, har da taɓin hankali, wai duk yana warkarwa cikin zama uku. Likitan da ya shafe shekaru yana fama da mai ciwon damuwa guda ɗaya in ya ga wannan ai rufe shafin zai yi kawai. Alhali kuma akwai wuraren da hifnosis ke da hujja mai kyau wadda ba ka buƙatar ƙara mata gishiri. Ciwon hanjin nan da ake kira IBS misali, tun 1984 Peter Whorwell da abokan aikinsa a Manchester suka wallafa gwajinsu a mujallar Lancet, sannan a 2008 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa a ƙa'idojinta cewa wanda ya yi wata 12 yana shan magani ciwon bai lafa ba a duba yiwuwar tura shi wurin masu CBT, wato jinyar gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, ko hifnoterafi. Haka zafin jikin da ke taso wa mata lokacin ɗaukewar al'ada, a 2023 ƙungiyar likitocin Arewacin Amurka masu kula da wannan fanni ta sa hifnosis cikin hanyoyin da ta amince da su ga wadda ba za ta sha maganin homon ba. Amma daina shan taba, wanda shi ne ma aka fi tallatawa, bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya ta tace, ta fitar a 2019 cewa ta yi hujjar ba ta kai a ce hifnoterafi ta fi sauran hanyoyi ba. To ka ga gyaran a fili yake, ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da ka ƙware a kai, ka faɗi iya abin da bincike ya nuna, inda hujjar ke da rauni ka faɗa da bakinka kafin likitan ya faɗa maka. Wallahi wannan kaɗai kan sa a fara sauraronka.

Af, sannan don Allah a daina rubuta wai ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da hifnosis tun 1958. Eh ta fitar da rahoto a shekarar, amma ta janye tsofaffin matsayunta a 1987 har da wannan, yanzu ba matsayinta ba ne, kuma likitan da ya sani in ya gani zai ɗauka ko ba ka karatu ko kana yaudara ne, duka biyun ba su yi maka kyau ba.

Sai maganar laƙabi da takardu. Wani kwas ɗin sati biyu ya yi ta intanet amma ya maƙala Dakta a gaban sunansa da haruffa bakwai a baya waɗanda babu wanda ya san ma'anarsu. Dokar wannan aiki ta bambanta sosai daga ƙasa zuwa ƙasa, a Birtaniya babu dokar da ta hana kowa kiran kansa mai hifnoterafi, sai dai rajistar sa-kai irin ta CNHC, majalisar masu jinyar da ba ta asibiti ba, wadda hukumar PSA mai sa ido kan rajistocin ma'aikatan lafiya ta tantance, a Isra'ila kuwa dokar 1984 ta taƙaita aikin ga likitoci da likitocin haƙori da masana halayyar ɗan Adam masu izini, a jihar Kalifoniya sashe na 2908 na dokar sana'o'i ya bar wa mara lasisi damar yin hifnosis don gyaran ɗabi'a da inganta kai, amma ba jinyar ciwon ƙwaƙwalwa ba, ko kuma ya yi aiki da wanda likita ko likitan haƙori ko masanin halayya mai lasisi ya turo masa. Ka ga a irin wannan wurin takardar turawa ba ado ba ce, ita ce kariyarka a gaban doka. Ƙungiyar hifnosis da likitan ƙwaƙwalwa Milton Erickson ya kafa a Amurka a 1957 ma ma'aikatan lafiya masu lasisi take ɗauka. Don haka ka san dokar inda kake tukunna, sannan in za ka gabatar da kanka ka faɗi awa nawa ka yi a horo, a ina, wa ke duba aikinka, kana da inshorar aiki ko babu, in wani yana da ƙorafi a kanka ina zai kai. Shafi ɗaya ya isa.

Babban kuskuren a ganina, wanda kuma ba a cika maganarsa ba, shi ne zama jiran a turo maka alhali kai ba ka taɓa tura kowa ba. Mutane da yawa wurin mai hifnosis suke fara zuwa saboda suna jin nauyin a gan su a asibitin ƙwaƙwalwa, kenan kai ne ke fara ganin wasu da ba naka ba ne. A ce wani ya zo maka wai rashin barci ke damunsa, kana tambayarsa sai ka ji kwana huɗu bai runtsa ba amma shi garau yake jin kansa, magana na fita da gudu ba ka iya katse shi, ya kwashe kuɗin ajiyarsa kaf ya zuba a wata harka da ya ƙirƙiro shekaranjiya, matarsa na gefe ta yi tsuru-tsuru tana kallonka. Wannan ba rashin barcin da za ka ce ya lumshe ido ya ja numfashi ba ne, alamu ne da kan zo da ciwon baifola, mai kai mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa, likita yake buƙata kuma yau ba gobe ba. Haka mai jin muryoyi ko ganin abin da babu, hukumar lafiya ta Birtaniya NHS ta faɗa ƙarara cewa mai irin wannan taɓin hankali kada ya yi hifnoterafi don tana iya ƙara dagula masa. Haka mai maganar kashe kansa, da yarinyar da ta daina cin abinci tana ramewa, da mashayin giyar da hannunsa ke rawa da safe, shi wannan in ya daina farat ɗaya ma yana iya faɗuwa da jijjiga. Har mai fargaba da bugun zuciya da rama da yawan gumi, wani lokacin maƙoƙo ne ke aiki fiye da kima, gwajin jini kawai zai nuna.

Ba a ce ka gano cuta ba fa, wannan ba hurumin ka ba ne kuma kar ka rubuta sunan cuta a takarda. Abin da ake so ka iya shi ne tantancewa a zaman farko, ka yi tambayoyin, ko ka yi amfani da fom irin PHQ-9 mai tambaya tara wanda ta ƙarshensa kan tunanin mutuwa ko cutar da kai take, da GAD-7 na fargaba, sannan ka tura mutumin da gajeriyar takarda mai faɗin abin da ka gani da abin da ya faɗa da bakinsa. Likitan da ya karɓi mutum biyu ko uku daga wurinka ya ga duk sun cancanci turowa, ba sai ka kai masa kati ba, shi zai nemi lambarka.

Magani kuma, kar ka taɓa. Ko da wasa kar ka ce wa mutum in muka gama ba ka buƙatar ƙwayoyin nan. Magungunan damuwa in aka yanke su lokaci guda suna jawo jiri da tashin hankali da dawowar ciwon, masu kwantar da hankali irin su diazepam kuwa yankewar gaggawa na iya kawo jijjiga. In ya ce yana son ragewa ka ce ya koma wurin wanda ya rubuta masa, shikenan. Sau ɗaya likita zai ji ka sa baki a maganinsa ya goge sunanka har abada, kuma zai faɗa wa abokan aikinsa, su ma ai suna hira.

Kamasho ma haka. Wasu gani suke wayo ne su ce wa likita duk wanda ka turo kana da kaso kaza. Ƙa'idar ɗa'a ta ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, sashe na 6.07, ta ce biyan kuɗi tsakanin ma'aikata sai a kan aikin da aka yi, ba a kan turawar ba, a Amurka ma akwai dokar tarayya tun 1972 da ta mai da irin wannan laifi a shirye-shiryen lafiyar gwamnati. Na kirkin zai ji ka ci masa fuska, wanda ya karɓa kuma ba wanda za ka so hulɗa da shi ba ne.

To an turo maka mutum, sai kuma shiru, wannan shi ke kashe hulɗa da yawa tun tana jaririya. Likita ya tura bai san ko mutumin ya je ba, bai san me ake masa ba, sai bayan wata biyar majiyyacin ya dawo yana ba da wani labari daban. Gyaran ba wahala. Bayan zaman farko ka rubuta masa layi biyar ko shida: na ga wance ranar kaza kamar yadda ka turo, abin da muka sa a gaba shi ne rage ciwon cikin da ke hana ta fita aiki, za mu yi zama shida mu sake dubawa, ban taɓa batun magungunanta ba, ta ambaci barcinta ya ragu a satin nan na ga ya kamata ka sani, ga lambata. In an kammala ka sake rubuta wata, ko an dace ko ba a dace ba, musamman ma in ba a dace ba, don wanda ke iya rubuta cewa hanyata ba ta yi mata ba na dawo maka da ita shi ake yarda da rahotonsa ranar da ya ce an samu sauƙi. Kuma ka rubuta da harshen da likita ke ganewa, ka bar zancen buɗe ƙofar ruhi da sake saita zuciyar ɓoye, ka faɗi me aka yi, sau nawa, me ya canza.

Amma kafin ka aika ko kalma ɗaya sai mai abin ya sa hannu ya yarda, a rubuce, da sunan wanda za a aika wa da abin da za a faɗa. Bayanan lafiya a Turai dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a 2018 ta sa su cikin masu kariya ta musamman, Amurka na da dokar sirrin bayanan lafiya ta HIPAA tun 1996, ko inda doka ba ta da ƙarfi ma amana ce. Ɗaukar hoton takardar majiyyaci a jefa a guruf ɗin WhatsApp wai ana neman shawara, haba. Sannan tun ranar farko ka gaya wa mutum iyakar sirrin, cewa in rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari ba za ka yi shiru ba.

Akwai wani abu da ke sa tsofaffin likitoci ɗaure fuska da zarar sun ji hifnosis, wato tono abin da aka manta. A shekarun 1980 da na 1990 a Amurka an yi ta mayar da mutane baya ana cewa sun tuno cin zarafin da aka yi musu suna yara, iyalai suka watse, aka yi ta shari'a, daga baya ta bayyana wasu abubuwan a ɗakin jinyar aka dasa su. Tun 1985 kwamitin kimiyya na ƙungiyar likitocin Amurka ya ce abin da aka tuno cikin hifnosis bai kai na tunawar yau da kullum inganci ba, ga shi kuma mutum kan ƙara sakankancewa da shi ko da ƙarya ne. Idan har kana tallan mayar da mutum yarinta don a gano tushen matsala, balle wata rayuwa da wai ya yi kafin a haife shi, kar ka yi mamakin shirun likitoci. Ka cire shi, kuma ka faɗa musu kai tsaye ba ka yi. Mai tabon tashin hankali mai tsanani ka bar wa wanda aka horar a kai, in za ka taimaka to da saninsa da tsarinsa.

Su ma likitocin da masana halayya ba a bar su a baya ba wajen kuskure. Wani cewa zai yi je ka gwada hifnosis kawai, ba suna ba takarda, majiyyaci ya shiga intanet ya faɗa hannun duk wanda ya fi iya talla. Wani kuma wanda ya gaji da shi yake turawa don ya huta. In za ku tura, ku kira mai hifnosis ɗin ku yi masa tambaya uku, wa ba ka karɓa, me za ka yi in wani ya ce zai kashe kansa a ɗakinka, za ka aiko min da rahoto? Amsar ta farko ma ta isa ku gane shi, wanda ya ce kowa yana karɓa ku ajiye wayar. Sannan ku rubuta abin da kuke so a yi aiki a kai takamaimai, da magungunan da majiyyacin yake sha, da abin da ba ku so a taɓa, ku kuma gaya wa majiyyacin cewa mutane sun bambanta wajen karɓar hifnosis, wani nan da nan wani da ƙyar, kada in bai yi masa ba ya ɗauka laifinsa ne, kuma fayil ɗinsa na nan a wurinku, ku ba shi ranar dawowa tun kafin ya fita.