Yadda Ake Cewa "Na Ji Kunya" da Yaren Holan

Wata huɗu ke nan ina koyon yaren Holan a ɗakina a Unguwar Rimi, saboda jarrabawar da ake yi kafin mace ta bi mijinta can. Ba aikatau ɗin da ya wahalar da ni irin zich schamen, wato jin kunya.

Fara da furuci. Harafin "ch" da ke bayan "s" daga maƙogwaro yake fita, kamar خ ɗin da muka koya a makarantar allo. Kada ki ce "shamen". Kalmar tsohuwa ce, a da scamen ake rubuta ta, kuma tushenta ɗaya da schämen na Jamusanci da shame na Turanci.

Ba ta tafiya ita kaɗai, sai da 'yar rakiya mai ma'anar "kaina" ko "kanki". Ni: ik schaam me. Ke ko kai: jij schaamt je. Shi ko ita: hij ko zij schaamt zich. Mu: wij schamen ons. Ku: jullie schamen je. Su: zij schamen zich. Lura da wasalin: inda gaɓa ta rufe da "m" ana rubuta "aa", inda ta buɗe "a" ɗaya ya isa, amma jan sautin bai canja ba. Wajen tambaya "t" ɗin da ke ƙarshen jij schaamt faɗuwa yake yi, sai a ce schaam je je? Je biyu a jere ba kuskure ba ne, ni ma da farko na zaci tuntuɓen alƙalami ne.

Abin da ya wuce ba shi da wuya: ik schaamde me, wij schaamden ons, ko ik heb me geschaamd.

Inda na yi ɓaramɓarama shi ne ma'ana. Na rubuta wa maigida ik schaam me voor mijn schoonmoeder, nufina ina jin kunyar Hajiya, irin ta surukai. Ya kira ni yana dariya har da tari. Ya ce mutanen can za su ɗauka Hajiya ce ke kunyata ni a cikin jama'a. Schamen ɗinsu ta wanda ya yi abin assha ce, shi ya sa uwa ke daka wa ɗanta tsawa da schaam je! Mai nauyin baki a gaban baƙi kuwa verlegen ake ce masa. Na goge saƙon tun kafin ya karanta wa Hajiya.