Yadda na gyara matsalar loda takardu a shafin neman aiki

Shafin ɗaukar ma'aikata ya yi ta ƙin karɓar takarduna, alhali intanet lafiya lau. Ashe nauyi ne: hoton waya kan kai megabait 3 ko 4, shafin kuwa kilobait 500 kawai ya yarda da shi.

Na kai takardun shagon kwamfuta a Titin Gidan Zoo, aka yi musu sikanin a 150 dpi (ma'aunin kaifin hoto), baƙi da fari, aka mayar da su PDF. Kada a sauka ƙasa da 150 dpi, hatimin takardar NYSC zai dusashe. Sunan fayil kuma a cire masa tazara da alamomi.

Kafin ku tura, ku tabbata jerin sunayenku ya yi daidai da na NIN, don saɓanin suna kan hana mutum kaiwa ga intabiyu. Ku loda da asuba, kafin cunkoso.