Yadda ake neman haƙƙi idan sakacin asibiti ya cutar da majinyaci a Zamfara

Idan aka yi wa mutum tiyata ya fito da lahanin da bai shiga da shi ba, ko mace ta rasu wurin haihuwa bayan an bar ta sa'o'i babu wanda ya duba ta, abin da dangi suka saba faɗi a Gusau ko Talata Mafara shi ne kwana ya ƙare, sai haƙuri. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai taɓa ɗauke wa mai sakaci alhakin abin da ya aikata ba. Akwai hadisin da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ke nuna cewa duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, lamunin abin da ya ɓata yana kansa, kuma malaman Malikiyya sun haɗa da likitan da ya san aikin amma ya gaza yin abin da ya kamata. Dokar Nijeriya ma ta ba wanda aka cutar damar neman diyya. Sai dai neman yana bukatar abu biyu da iyalai suka fi yin asararsu tun a makonnin farko, wato lokaci da takardu.

Batun lokaci ya kamata a fara sani, domin yana iya rushe ƙara kafin alƙali ya saurari shaida ko ɗaya. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ce duk wanda zai kai ƙarar jami'in gwamnati kan abin da ya yi, ko ya ƙi yi, a bakin aikinsa, dole ya shigar da ita cikin wata uku, kuma kotuna sun fassara cewa kariyar ta shafi hukumomin gwamnati su kansu, ba ma'aikata kaɗai ba. Yawancin mutanen Zamfara asibitin gwamnati suke zuwa, ko na tarayya kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko na jiha kamar Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da manyan asibitocin Ƙaura Namoda da Anka da Gummi, saboda haka wannan wa'adi ya shafe su kai tsaye. A lura da kyau: matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, ke nan kafin ta fita wa'adin ya riga ya wuce. Idan dangi suka ce a bari a yi sadakar arba'in tukuna, kusan rabinsa ya tafi. Akwai 'yan yanayin da lauyoyi kan kafa hujja da su su tsallake wannan doka, amma ba hikima ba ce mutum ya dogara da su alhali zai iya zuwa da wuri. Asibitoci masu zaman kansu ba su da wannan kariya, duk da haka dokar iyakance lokacin shigar da ƙara ta hau kansu. Sannan dokokin da suka kafa wasu hukumomi sun wajabta a ba su rubutacciyar sanarwa kafin a kai su kotu, kuma kwanakin sanarwar ma daga cikin lokacin mai ƙara suke ci. Shi ya sa ya dace wani daga cikin dangi, ɗan uwa ko babban ɗa, ya ga lauya cikin mako biyu na farko, ko da ba a yanke shawarar zuwa kotu ba.

Idan majinyaci yana raye, lafiyarsa ce gaba da komai. A kai shi wurin wani likita dabam, ko da zai kai ga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a kuma roƙi rahoto a rubuce kan halin da aka karɓe shi. Wannan rahoto shi ne sau da yawa hujjar farko da ke nuna abin da ya faru.

Daga nan sai takardu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa kowane asibiti nauyin adana bayanan majinyatansa, kuma Kundin Haƙƙoƙin Majinyata da aka ƙaddamar a 2018 ya jaddada haƙƙin majinyaci na sanin abin da ke damunsa da abin da aka yi masa. A rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa ana neman kwafin fayil ɗin gaba ɗaya, har da bayanan nas-nas, da takardar da ake rubuta lokacin ba da magani, da rahoton ɗakin tiyata, a kai kwafi biyu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da shi gida. Roƙon baki a wurin mai kula da kati ba ya barin wata shaida. A gida kuma kada a zubar da komai: katin asibiti, rasit na kowane kuɗi, takardar magani, sakamakon gwajin jini, hoton ciki ko na ƙashi, har kwalin maganin da aka sha. Mai jinya, wadda galibi uwa ce ko yaya ko kishiya da ta kwana a gefen gado, ita ta fi kowa sanin ƙarfe nawa aka kira likita da ƙarfe nawa ya zo, don haka a zauna da ita a rubuta abin da ta gani daki-daki kafin mantuwa ta shiga. Hotuna da saƙonnin waya suna da amfani, amma a bar su a cikin wayar da aka ɗauke su, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga na'ura.

Inda aka yi rasuwa akwai wata wahala ta musamman. Mu Musulmi muna gaggauta jana'iza, kuma da wuya dangi su yarda a yi binciken gawa, alhali wani lokaci shi kaɗai zai tabbatar da musabbabin mutuwar. Wannan shawara ce da iyali za su yanke da kansu cikin sa'o'i kaɗan. Idan ba za a yi ba, aƙalla kada a bar asibiti sai an nemi takardar shaidar mutuwa mai ɗauke da dalilin da likita ya rubuta.

Ba kowane mummunan sakamako ne doka ke kira sakaci ba, kuma nan ne masu ƙara suka fi shan mamaki. Mai ƙara zai nuna cewa asibitin ya karɓi nauyin kula da majinyacin, wanda ba ya da wuyar tabbatarwa. Zai kuma nuna cewa an gaza yin abin da matsakaicin likita mai irin wannan ƙwarewa zai yi a irin wannan hali, ma'aunin da kotunanmu suka gada daga wani hukunci da aka yanke a Ingila a 1957. Barin almakashi ko auduga a cikin mutum, ƙara masa jinin da ba rukuninsa ba, ba da maganin da aka rubuta a kati cewa jikinsa ba ya karɓa, ko yin tiyata ba da izini ba, duk suna iya shiga nan. Haka ma korar majinyacin gaggawa, wanda sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta, da ƙin duba wanda aka harba sai an kawo takardar 'yan sanda, wanda wata doka ta 2017 ta hana, abin da ya kamata kowa ya sani a jihar da ke fama da 'yan bindiga. Sa hannu a takardar amincewa da tiyata yarda ce da haɗarin da aikin ya ƙunsa, ba izinin yin sakaci ba ce.

Abu mafi wuya shi ne tabbatar da cewa gazawar ce ta haifar da cutarwar. A 1968 wata kotu a Ingila ta saurari ƙarar matar wani mai gadi da ya sha shayi mai guba, ya je asibiti, likita ya ƙi fitowa ya duba shi, ya mutu. Kotu ta yarda likitan ya yi sakaci, amma ta hana diyya saboda shaida ta nuna ko an duba shi ba za a iya ceto shi ba. A gida kuma, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar wata mata a 2006, wadda allurar ɗinki ta karye a cikinta lokacin tiyata a Benin, domin likitoci sun yi bayanin yadda abin ya faru, ita kuwa ba ta kawo ƙwararren da zai rushe bayaninsu ba. Ƙarar sakaci tana tsayuwa ne da shaidar wani likita, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa likitoci ba sa son ba da shaida a kan abokan aikinsu, musamman a gari kamar Gusau inda kowa ya san kowa. Lauya mai ƙwarewa yakan nemo shi daga wata jiha, kuma mai ƙara ya sa kuɗin hakan a lissafinsa.

Hanyoyin kai kuka sun bambanta gwargwadon abin da mutum ke so. Wanda burinsa a hukunta likita zai rubuta wa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, da ke Abuja, ta hanyar takardar rantsuwa da aka yi a kotu, ya haɗa da kwafin takardunsa. Kwamitin bincikenta zai duba, idan ya ga akwai abin tuhuma ya miƙa wa kotun ladabtarwa ta majalisar, wadda ke da ikon yin gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke sunan likita daga rajista, amma ba ta ba da diyya ko sisin kwabo. Nas-nas da ungozomomi suna da tasu majalisar dabam, haka masu harhaɗa magunguna. Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a tana sauraron ƙorafi kyauta idan bai wuce wata 12 ba kuma maganar ba ta gaban kotu. Idan kuwa wanda ya yi aikin ba likita ba ne, mai kemis ne da ke yin allura da ƙarin ruwa a bayan shago, maganar ta zama laifi da za a kai wa 'yan sanda. Kai ƙorafi ga ɗayan waɗannan ba ya tsayar da wa'adin kotu.

Diyya a kotu ake samunta, galibi Babbar Kotun Jiha, kuma lauya ne zai tantance kotun da ta dace idan asibitin na tarayya ne, domin kuskuren kotu ko kuskuren sunan wanda ake ƙara yana iya mayar da mutum farko bayan shekaru. Ana haɗa asibitin da ma'aikacin a ƙara ɗaya, saboda asibiti yana ɗaukar alhakin abin da ma'aikatansa suka yi a bakin aiki, kuma shi ne mai abin biya. Kuɗin da aka kashe da kuɗin shigar da aka rasa sai an lissafa su ɗaya bayan ɗaya an kawo rasit, yayin da diyyar raɗaɗi da nakasa alƙali ne ke ƙiyasta ta. Wanda bai gamsu da hukunci ba zai ɗaukaka ƙara zuwa reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato. Marasa ƙarfi za su iya tuntuɓar ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa domin masu ƙaramin samu, kuma duk yarjejeniyar da aka yi da lauya kan ladansa a rubuta ta tun ranar farko.

A guji bayyana sunan likita a Facebook ana kiransa mai kisa, domin hakan na iya jawo ƙarar ɓata suna, mai neman haƙƙi ya koma mai kare kansa. Sulhu kuwa alheri ne, kuma sau da yawa ya fi shari'a sauri, ko ta hannun lauyoyi aka yi shi ko a gaban hakimi da malamai. Amma zaman sulhu ba ya tsayar da lissafin wata uku, saboda haka idan asibiti ya fara cewa a dawo mako mai zuwa, a shigar da ƙara a ci gaba da tattaunawa tana gaban kotu. Idan aka daidaita, a rubuta adadin kuɗin da ranar biya da wanda zai ɗauki nauyin maganin da ya rage, kada kuma a sa hannu a takardar yafe ƙara sai lauya ya karanta ta. Inda akwai marayu a cikin magada, a tabbata an fitar da rabonsu a rubuce an damƙa wa waliyyinsu a gaban shaidu.